Sabuwar Ƙwaƙwalwa a Kwamfutar Baba

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen ƙashin kifi, amma Malama ta ji ta har cikin ƙirjinta. Ta tsaya cak da sukudireba a hannu, tana kallon abin da ta ciro.

Ƙwaƙwalwar kwamfutar ce, wani baƙin abu mai tsawon yatsa, da ƙafafu jere gefe da gefe kamar shanshani. Tun ranar da aka ƙera na'urar take zaune a gurbinta, ba wanda ya taɓa motsa ta, tsatsa ta riga ta haɗe su. Da Malama ta banƙaro ta, sai ƙafafu biyu suka yi zamansu a ciki, gurbin kuma ya tsage daga kusurwa.

"Inna lillahi," ta ce a hankali. Ta waiwaya ƙofa, duk da ta san ba kowa a gidan.

Kwamfutar ta Baba ce, mahaifinta. Ya saye ta tun yana akawu a kamfanin sufuri, irin mai kauri da madannai a jikinta, wadda ake jona wa talabijin. A kanta ya koyi dara mai sarki da dawaki, kuma tun da ɓarin jikinsa ya shanye ita ce abokiyar hirarsa. Yaya, babban ɗansa, ya sayo masa sabuwa ta zamani wadda ake shafa wa yatsa, amma yatsan Baba ba ya tsayawa inda aka sa shi. Madannan tsohuwar manya ne, suna ƙara idan an danna, hannunsa mai lafiya ya san hanyarsu ko ido a rufe. Laifinta ɗaya ne a wurinsa: jinkiri. Ya riga ya fi ƙarfin matakan wasan na ƙasa, a na sama kuwa sai ta daɗe tana tunani. Kullum sai ya yi mita.

"Abokin nan nawa, shayina ya huce, ƙafata ta yi sanyi, shi bai motsa ko soja ɗaya ba."

Wannan mitar ce ta shiga kan Malama. Kimiyya take koyarwa a sakandare, amma tun tana ƙarama ba rediyon da ya kwana lafiya a gidansu. Tana cikin wani zaure a waya na masu son tsofaffin kwamfutoci, a can ta ga ana iya ƙera ɗan allo mai ɗauke da sabuwar ƙwaƙwalwa mai sauri, a dasa shi a gurbin tsohuwar. Sai dai ba wanda ya taɓa yi wa irin ta Baba. Ta zana nata bayan tashi daga makaranta, ta aika aka buga mata. Na farko ya zo ƙafafunsa a juye, laifin zanenta. Na biyu ya yi hayaƙi. Ga na uku nan a kan tebur, kore shar, yana ƙamshin dalma.

Shirinta mai sauƙi ne. Yau Asabar, Yaya ya kai Baba asibiti gashin ƙashi. Za ta gwada allon, in ya ƙi, ta mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwa ta ɗaure, ba wanda zai sani. Yanzu kam ba abin da za a mayar.

Ta ɗauki waya ta kira Yaya.

"Kun shiga wurin likita?"

"Muna layi. Lafiya?"

"Lafiya lau. In kun gama, ka biya da Baba wurin aski mana. Gashinsa ya taru."

Yaya ya rage murya.

"Me kika ɓata?"

"Ba abin da na ɓata wanda ba zan gyara ba."

"Kwamfutar ce, ko? Na sha gaya miki ki bar abin nan ya mutu da mutuncinsa. Wallahi in ya dawo ya tarar ba ta tashi, ke za ki yi masa bayani, ni ba ruwana. Kin san ranar da wuta ta ɗauke ma ko abinci bai ci ba."

"Na sani, Yaya. Aski kawai na roƙa."

"To, Injiniya. Allah ya ba da sa'a."

Ta naɗe ƙwaƙwalwar a hankici, ta yafa mayafi, ta fita. Bas ɗin da ta samu cike yake, ta tsaya da hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a kan jaka. Wata mata mai kwandon kabeji ta yi ta dungurin gwiwarta, ba ta ma ji ba. Lissafin aikin take yi a ka: cire tsohon gurbi daga jikin uwar allon, wato babban allon cikin kwamfutar, ba tare da ta ɗaye siraran hanyoyin jan ƙarfen da ke ƙasa ba. Hanya ɗaya ta ɗaye, an shiga wani sabon aiki.

Layin masu kayan lantarki ya cika da kiɗa da hayaniya. Ta wuce shagunan gaba masu gilashi da wayoyi, ta kutsa can ƙarshen layi inda Dogo yake. Shagonsa kamar rami ne, matattun rediyo da talabijin sun hau kan juna har rufi, shi kuma a tsakiya, ya tanƙwara dogayen ƙafafunsa a ƙarƙashin benci.

"Malama! Yau kuma wane kakan za mu tono?"

Ta buɗe hankicin. Dogo ya ɗaga tabarau, ya juya abin a hannunsa, ya yi tsaki na tausayi.

"Kai, wannan ai ya girmi aurena. Irinsa kam babu, ko ki zaga kasuwar nan da fitila."

"Ba shi nake nema ba. Gurbinsa nake so, mai yawan ramukan nan daidai."

"Sabo babu. Amma tsaya."

Ya miƙe har kansa ya kusa taɓa fanka, ya fara sauke kwalaye. Ƙura ta tashi, su biyu suka yi ta atishawa. Na farko da ya ciro gajere ne. Na biyu ramukansa sun yi kore. Malama tana duba wayarta a kai a kai. A ƙasan wani kwali ya zaro allon wani tsohon injin buga takarda, ga gurbi a tsakiyarsa, tsaf kamar jiya aka sa. Ya kunna abinsa na hura iska mai zafi ya narkar da dalmar, gurbin ya faɗo a tafin hannunsa.

"Da za ki kawo na'urar, ni in dasa miki," ya ce.

"Na gode, Malam Dogo. Ni na karya, ni zan ɗora."

Ya yi dariya. "Ai na sani. Don dai in fita hakkinki na faɗa."

Rana ta take sosai lokacin da ta dawo. Ta buɗe tagar ɗakin Baba, ta ture kwalaben magungunansa gefe, ta kife uwar allon a kan tawul. Ƙafa ɗaya bayan ɗaya ta bi, tana ɗora bakin ƙarfen narkar da dalma, tana zuƙe narkakkiyar dalma. Tsohuwar dalma taurin kai gare ta, sai an ƙara mata sabuwa kafin ta saki. Gumi ya gangaro mata har kan hanci, ta goge da kafaɗa. A wata ƙafa ta ji hanyar jan ƙarfe ta fara ɗagowa, ta janye hannu da sauri, ta bar wurin ya huce, ta dawo masa ta ɗaya gefen da lallashi. Da tsohon gurbin ya fita, wuyanta ya riga ya ƙage.

Ta dasa na Dogo, ta liƙe, ta danna ɗan koren allonta a ciki har ya zauna. Ta yi bisimilla ta kunna.

Talabijin ya cika da tarkacen haruffa, suna rawa kamar tururuwa a kan sukari.

Wayarta ta yi ƙara. Saƙon Yaya ne: an gama aski, Baba ya ce gida.

Ta kashe wutar. Tarkacen haruffa ba mutuwa ba ne, ta gaya wa kanta. Ƙwaƙwalwar tana magana, wani wuri ne maganar ke cakuɗewa. Ta ɗauki mitar gwajin lantarki ta fara bin ƙafafun bi da bi, kowace da maƙwabciyarta. Shiru. Shiru. Shiru. Can wajen tsakiya mitar ta yi ƙara. Ta jawo gilashin ƙara girma, sai ga shi: wani zaren dalma, bai kai kaurin gashi ba, ya haɗa ƙafafu biyu da bai kamata su gaisa ba. Aikinta ne na ɗazu, garin sauri.

Tana ɗora ƙarfen a wurin ta ji tsayuwar mota a waje. Ta ji muryar Yaya yana cewa, "A hankali, Baba, ga dakali." Ta share zaren, ta hura, ta kunna.

Shuɗin allo ya fito fes, da ɗan farin murabba'i yana ƙiftawa a kusurwa.

Ba ta samu damar yin murna ba. Ta rufe murfin, ta ɗaure kusoshi biyu kawai, ta loda wasan. Abin da yake ɗaukar lokacin tafasa ruwa ya buɗe kafin ta saki madanni.

Baba ya shigo yana dogara sanda, kansa fes da sabon aski. Ya ja hanci.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata, "ɗakin nan ƙamshin dalma yake."

"Zauna tukuna, Baba. Na yi wa abokinka magani."

Ta zaunar da shi, ta gyara masa matashi, ta kawo shayi. Yaya ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu. Baba ya tura sojan gaban sarki kamar kullum, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi. Kafin yatsunsa su kai, kwamfutar ta yi ƙara, ta riga ta amsa.

Ya dubi talabijin, ya dubi Malama. Ya fitar da doki. Ta amsa. Ya sake, ta sake. Baba ya matso gaba, numfashinsa ya ƙaru, ya shiga danna madannai da sauri kamar ana korarsa. Ba a jima ba sarauniyarsa ta tafi a banza, sarkinsa ya bi bayanta. Ya sake jerawa, aka sake cinye shi, wannan karon ma ya fi muni. Mutumin da kan yi kwanaki ba a ci shi ba.

Ya jingina da kujera. Gefen bakinsa mai nauyi yana ɗan motsi.

"Wannan ba shi ba ne. Kin canza min shi. Mayar min da nawa."

Malama ta durƙusa kusa da kujerar, ta buɗe hankicin ta nuna masa.

"Ba zai mayu ba, Baba. Garin cirewa ƙafafunsa suka karye. Ka yi haƙuri."

Yaya ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Amma wallahi shi ne. Dabararsa ba ta ƙaru ko kaɗan ba, abin da zai taka da, shi yake takawa yanzu. Sauri kawai na ba shi. Da can, lokacin da yake tunani kai ma kana naka, shi ya sa. In ka ba ni mako, zan sa masa maɓalli, in ka so ya yi gudu, in ka so ya yi rarrafe."

Baba ya ɗauki tsohuwar ƙwaƙwalwar ya daɗe yana juya ta. Ya shafa wurin da ƙafafun suka karye da babban yatsa.

"Ke kika ƙera na cikin? Da hannunki?"

"Ni ce."

"Ba saye kika yi ba?"

"Ba a sayar da shi ko'ina, Baba. Shi kaɗai ne a duniya."

Ya ajiye ta a kan tebur kusa da magungunansa. Ya ce, "Jera."

Ta jera. Ya tura soja, kwamfutar ta amsa nan take. Baba bai ko kalli madannai ba. Ya ɗauki kofin shayinsa, ya hura, ya kurɓa, ya gyara zama, ya zuba wa talabijin ido. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Ɗan farin murabba'in yana ta ƙiftawa.

Yaya ya gaji da tsayuwa. "Baba, ai kai ake jira."

"Na sani," in ji Baba, ya sake kurɓa. "Shekara da shekaru ina zaune ina jiransa. Bari shi ma ya ɗanɗana."

Malama ta jawo kujera ta zauna a gefensa, ta ɗauko sauran kusoshin, ta fara ɗaure murfin a hankali don kada ta girgiza masa tebur.