Allo a Bangon Gefe

A makarantar Alhaji Babandi da ke unguwar Sabo a Ibadan, maza ke zama a gaba, mata a baya. Alhajin, wanda ya gina makarantar da ribar goro, shi ya kafa dokar. Ya ce haka ake sahu a masallaci, kuma da wannan sharaɗi iyaye suka yarda suka kawo 'ya'yansu mata.

Malama Mas'uda, shugabar makarantar, ba ta ga aibin tsarin ba sai da maganar Nana Firdausi ta taso. Yarinyar zabiya ce, fara sol, tana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ajin kimiyya take so ta shiga baɗi. Malam Kamaluddeen, malamin lissafi, shi ke zaɓen masu shiga, ya kuwa ce ba za ta iya ba.

"Ko'ina tana ƙoƙari, Malama, ban da wurina," in ji shi. "Ba kowane kai ne na lissafi ba."

"Zan zo in ga ajin," ta ce.

Washegari ta zauna a bencin ƙarshe, kusa da Firdausi. Malam Kamaluddeen ya san aikinsa, amma ba mai magana ba ne. Ya juya baya ya cika allo da lambobi, ya share, ya sake cikawa. Firdausi ba ta ɗaga kai ba. Hancinta na kusan taɓa takarda, tana leƙen littafin ta kusa da ita, wadda ita ma ba ta gama kwafa ba aka share. Sauran malamai da baki suke bayani, shi ya sa ba wanda ya lura.

Da aka fita tara, shugabar ta tsayar da ita.

"Me kike gani a allon nan?"

"Ina ganin akwai allo, Malama."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa, ina za a kai ni? Cikin maza?"

Bayan la'asar Malama Mas'uda ta taka zuwa shagon Alhaji, ta same shi yana duba huhun goro. Ta yi masa bayani, ta nemi a dawo da yarinyar gaba, ita kaɗai.

"Yau ita kaɗai, gobe kowace yarinya idonta ya yi ciwo," ya ce. "Kin san mutanenmu. Kafin Juma'a an kwashe rabin matan an mayar gida. A yi mata tabarau mana."

"Tana da shi, Alhaji. Likita ya ce iyakar abin da zai yi mata ke nan."

"Allah ya sawwaƙe. Amma namiji ba zai zauna bayan mace ba, mace ba za ta shiga cikin maza ba."

Ta san ba ƙarya ya yi ba game da iyayen. Ta kuma san jarrabawar zaɓen masu shiga ajin kimiyya ta matso.

Ranar Asabar ta kira mai fenti daga unguwar Mokola, ya yi sabon allo a dogon bangon gefe, wanda ba shi da taga. Aka juya kowane benci a inda yake, ya fuskanci sabon allon. Maza suka koma dama, mata hagu, kowane ɓangare da layinsa na gaba. Firdausi ta samu wuri dab da allo, haske na shigowa ta bayanta.

Shugabar ta kuma ce wa Malam Kamaluddeen duk abin da hannunsa ya rubuta, bakinsa ya faɗa.

"Ni malami ne ko mai shela?"

"Duka biyun, Malam, daga yau."

Alhaji ya zo ranar Litinin, ya tsaya a ƙofar ajin ya daɗe yana kallo.

"Malama, kin zagaye ni kamar ɗan okada ya hango 'yan sanda."

"Akwai namijin da ke bayan mace?"

"Babu."

"Akwai macen da ke cikin maza?"

Ya ɓare goro ya sa a baki. "A ƙara faɗin hanyar tsakiya. In iyaye sun zo, wurinki zan turo su."

Sun kuwa zo. Ta nuna musu ajin, yawancinsu suka duba suka tafi abinsu. Wani mai sayar da albasa a kasuwar Shasha ya ce gefe da gefe ma zama ne tare, ya cire 'yarsa. Malama Mas'uda ta je gidansa ta roƙe shi, bai sauya ba.

Da aka yi jarrabawar, an rubuta wa Firdausi tambayoyinta da manyan baƙaƙe. Malam Kamaluddeen ya shigo ofis bayan ya gama maki, ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Ta haye," ya ce. "Da ƙyar. Akwai abubuwan aji biyu da ba ta taɓa gani ba, sai an koma mata da su."

"Wa zai koma mata da su?"

Ya shafa gemu. "Ranar Laraba ina da sarari. Amma ban ce ta fi kowa ba."

"Ban tambaye ka haka ba. Za ta shiga?"

"Za ta shiga."