Yaɓen Kabarin Kailani

Ina alwalar la'asar Rakiya, matar maƙwabcina Kailani, ta yi magana ta bayan katanga, ta ce jikin mijinta ya tsananta, kuma ni yake kira.

Ban yi sauri ba. Gaskiya kishinsa nake yi. Ni na koya masa gini, amma da ɗan kwangila ya zo Tudun Wada ɗibar magina zuwa Ikko, shi aka ɗauka, wai ya fi ni jini a jika. Shekara uku suka yi suna tayar da wani benen ofisoshi mai hawa bakwai a tsakiyar kantuna. Ya dawo da ciwon ƙirji saboda ƙurar siminti, da kuma hoton benen. Tun daga nan ba a san wani magini ba sai shi. Har daga Gyallesu ake zuwa kallon hoton. Ni da na gina rabin zaurukan unguwar nan kuwa, sai dai "Nagoda mai laka".

Na same shi kwance a zaure, ya rame ƙwarai. 'Yan dubiya sun cika wurin, amma idonsu na kan hoton da ke bango. Ya roƙi a ba mu wuri.

"Malam Nagoda, alfarma nake nema. In ta Allah ta kasance, kai za ka yi mini yaɓen kabari. Ka san ƙasar maƙabartar nan, da damina ruftawa take yi. Ban yarda da hannun kowa ba sai naka."

Na ce, "Me ya hana ka faɗi haka a gaban mutane?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amsar da ban samu ba ke nan, don washegari da hantsi ya cika.

Da aka sa shi a kabari aka jera itace, na durƙusa da ƙasar da na kwaɓa da kaina. A bayana ina jin ana ta maganar hawa bakwai, wani har yana cewa tara ne. Na toshe kowace kafa, na bi da tafin hannu na shafe sumul, hawaye na ɗiga a kai. Tunda nake ban taɓa yaɓe mai kyan wannan ba.

Na ɗaga kai ko wani zai duba. Liman ya ce a tura ƙasa.

Kowa ya watse, ni ina tsaye, laka na bushewa a hannuna.