Bangon Baba Mai Fenti

"Kar ki taɓa, 'yata, bai sha iska ba!" in ji Baba Mai Fenti, ko waiwayowa bai yi ba.

Na janye yatsana. Yana zaune dirshan a ƙasa cikin ɗakin wasan yaranmu, burushi a hannunsa. Sati uku ke nan da fara aikin, kuma ni dai tsakani da Allah ban gane abin da yake zanawa a bangon ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa shuɗi ne da kore a cakuɗe, da wasu layuka karkatattu. Sama kuwa fari fat.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Shekara arba'in ya yi yana rubuta allunan shaguna kafin ciwon ƙirji ya zaunar da shi. Ni na nace a ba shi aikin, don na gaji da ganinsa a ƙofar gida yana kallon tafin hannunsa. Maigidana ya so a kira samarin nan masu zana ƙwallo da taurari cikin kwana biyu.

Ranar farko ma Baba bai buɗe gwangwani ba. Cewa ya yi mu yi wasanmu kamar ba ya nan. Muka baje a kan kafet, ni da maigida da yara uku, muna lido ana ta rigimar wa ya yi maguɗi, shi kuwa yana bin bayanmu ɗaya bayan ɗaya a tsugune, yana ɗiga fensir a bango.

"Baba, wai yaushe za ka hau sama ne?" na tambaye shi bayan na janye yatsan nawa. "Ga tsani can an aro tun shekaranjiya."

"Wa kika taɓa gani yana wasa a sama?" ya ce. Ya fara dariya, tari ya ƙwace ta, sai da na kawo masa ruwa.

Da maigida ya dawo daga aiki ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu. Allah ya so Baba ya riga ya tafi.

"Kin ga aikin tausayinki ko? Kamar an watsa ruwan wanki."

"Ka bar shi ya gama mana."

"Na ba shi zuwa ƙarshen wata. In ya wuce haka, farin fenti zan bi na shafe."

Baba bai kai ƙarshen watan ba. Ranar Laraba matarsa ce ta riƙo shi ya shigo. Awa ɗaya ya yi, ya wanke burusansa da kansa, ya jera su a kan taga. "Gobe sai tsuntsu ɗaya, shi ke nan," ya ce mini. Washegari da hantsi ina shanya na jiyo kukan matarsa ta kan katanga.

Sati biyu ɗakin yana kulle. Na yi kewarsa ƙwarai, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne tunanin ko ni na sa tsoho ya ƙarar da ɗan ƙarfinsa a kan abin da za a yi wa dariya.

Wata Asabar da la'asar maigida ya shigo da bokitin farin fenti.

"Ba cin mutunci ba ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yara na bukatar ɗakinsu."

Na ɗauko mabuɗi na buɗe masa ɗakin. Na tsaya a ƙofa, ya durƙusa yana shimfiɗa tsofaffin jaridu a gindin bango. Sai na ji ƙarar takarda ta tsaya.

"Zo," ya ce. "Zo ki zauna nan."

Na zauna inda na saba zama in ana lido, na ɗaga kai. Layukan nan karkatattu duk sun miƙe, sun zama dogayen ciyayin bakin ruwa. Shuɗin ya shimfiɗe ya zama kogi mai faɗi, yana tafiya har sai ka manta da bango a wurin. Farin da nake cewa ba a gama ba, ashe sararin sama ne. Hasken taga ya sauka daidai tsakiyar ruwan, inda Baba ya taɓa ɗiga fensir, ruwan yana ƙyalli. A cikin ciyayin ga agwagi biyar, biyu manya, uku ƙanana.

"Ikon Allah," in ji maigida. "Don wanda ke zaune ya yi shi. Mu kuma kullum a tsaye muke zaginsa."

Yara suka shigo da gudu, da suka gan mu a zaune su ma suka zauna. Auta ce ta nuna can kusurwa.

"Mama, wancan ba shi da kala."

Zanen fensir ne kawai, wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu, yana tsaye shi kaɗai a bakin ruwa yana kallon agwagin. Maigida ya miƙa ƙafa ya tura bokitin waje, murfinsa a rufe. Muka zauna a wurin har hasken ya bar kan ruwan ya gangara ya hau kan tsuntsun.