Gaisuwar da Ban Kai wa Baba Ba

Jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu in na tuna sai na shafa gwiwata. Amma bari in fara da abin da ya faru da rana, in ba haka ba za a ce wani abu na sha.

Ni ne Sallau mai faci, na bakin tasha. Shekarata arba'in da takwas. Boko aji uku na yi na gudu, kuma gudun da na yi ke nan na ƙarshe kafin bana. Abokina Ɗan'azumi direban babbar mota ne, bara ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar dama. Sai wata ƙungiya mai yi wa mutane ƙafar roba ta shirya gudun famfalaki, kilomita arba'in da biyu. Kowane mai gudu zai ɗauki sunan mutum ɗaya a bayansa, in ya kai ƙarshe masu hali su biya wa mutumin ƙafa. Na ce a rubuta mini Ɗan'azumi. Da ya ji, dariya ya yi har sandarsa ta faɗi. Wata huɗu ina zagaya filin idi. Jiya aka yi gudun. Na iso ana naɗe rumfa, amma na iso.

Abu ɗaya ne ya ɓata. Hanyar ta bi ta ƙofar gidan surukina, daidai kilomita talatin da biyar. Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa, ban taɓa wuce Baba ban cire takalmi na durƙusa ba. Jiya yana zaune kan buzu da rediyonsa, muka haɗa ido. Ni na san jikina. In na durƙusa a wurin nan, sai dai a kwashe ni a baro. Na sunkuyar da kai na wuce shi, da gajeren wando, gwiwa a waje kamar ɗan ƙwallo. Ban gaya wa matata Lantana ba. Na ci tuwonta na kwanta da abin a cikina.

To, a mafarkin sai ga ni na iso ƙarshen gudu, rana tsaka. An kafa tebur a tsakiyar titi, awaki uku suna zaune a bayansa. Na tsakiyar bunsuru ne, da tabarau da biro a kunne. Ban yi mamaki ba, na sha shiga ofis. A kan teburin akwai ƙafar roba, ta dama, an sa mata takalmi, tana ta buga dunduniya kamar mai jiran mota.

Bunsuru ya ce, "Malam, juyo."

Na juya. Ya ɓalle takardar da ke bayana, ya shimfiɗa ta a gabansa.

"Buɗe baki."

Na buɗe. Wata akuya ta haska ciki da tocila, ta daɗe tana leƙe. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga ta can. Gaisuwa ɗaya, ta maƙale a bayan dasashi. Ba a kai ta ba."

Bunsuru ya cire tabarau. "Ta waye?"

Na ce, "Ta surukina ce. Amma ina ruwan gudu da gaisuwa?"

"A nan ba ƙafa muke dubawa ba. Wanda ya iso da gaisuwa a baki bai iso ba. Koma ka kai ta, ka kawo mana amsa."

"Kilomita bakwai fa!"

"Mu ma ba mu ci abinci ba," in ji shi. Ya kama gefen takardar Ɗan'azumi ya gatsa.

Ba ni da karatu sosai, amma na san sunan nan, wata huɗu ina kallonsa. Harafin farko ya tafi. Bunsuru yana tauna a hankali yana kallon sama. Ya ce in sunan ya ƙare ban dawo ba, ƙafar ta zama ta ofis. Na dubi ƙafar. Ta daina buga dunduniya.

Na juya na kama gudu.

Ban yi nisa ba na tarar babu titi. Wasu mata sun naɗe shi kamar tabarma sun jingine da bango, suna share ƙarƙashinsa.

Na ce, "Bayin Allah, ku shimfiɗa mini, zan wuce."

Babbarsu ta ce, "An gama da shi ai. Sai baɗi."

"Gaisuwa zan kai wa surukina."

Ta saki tsintsiya. "Tun yaushe take bakinka?"

"Tun hantsi."

"Innalillahi! Ku shimfiɗa masa kafin ta yi tsami."

Suka warware titin a gabana, yana tafiya ina bin sa. Sai ruwa ya tsuge. Daga ƙasa yake fitowa yana hawa sama, ya shiga ta ƙafar wando ya fita ta wuyan riga. Mutane suka buɗe laima suka tsaya a kai. Ni dai na ji daɗinsa, domin ya kwashe gumin jikina ya yi sama da shi. Na ga gumina ya zama ɗan hadari, ya nufi gabas.

A wurin shan ruwa na tsaya. A can mai gudu ne ke ba masu tebur ruwa. Na matse rigata a kofi na miƙa musu, suka sha suka yi mini addu'a.

Sai na ji hon a bayana. Ɗan'azumi ne a babbar motarsa. Ba ta da taya ko ɗaya, a kan ƙafafun kaji take tafiya, guda goma sha takwas. Ya leƙo ta taga.

"Kai, Sallau! Ina za ka? Ƙarshen yana can baya, ɗan banza!"

"An ce ban iso ba."

"Ai ko ni da na gan ka na yi shakka. Wannan gudu ne ko tura mota?"

"Ɗauke ni mana."

"Ba zai yiwu ba, na yi lodi." Ya nuna baya da yatsa. Motar cike take da takalma, duk na ƙafar dama. "Nawa ne. Tun bara suke ƙarƙashin gado, kullum suna tambayata yaushe. Me zan ce musu?"

Na ce, "Ka ce musu yau."

Ya waiwaya ya dubi takalman. Can ya ce, "In ba ta samu ba, Sallau, ba komai. Na saba da sanda."

"Rufe mini baki," na ce. "Ba don kai nake yi ba, don takalman ne."

Ya yi dariya, ƙafafun kajin suka kwasa da shi.

Sai ga ni a ƙofar gidan Baba. Komai yana nan yadda na bar shi: dalbejiya, buzu, buta. Rediyon ce kawai ta yi shiru tana saurare, Baba yana karanta mata labarai. Da ya gan ni ya dakata, ya ce mata za a ci gaba bayan talla.

Na cire takalmi. Na ja wando ƙasa don ya rufe gwiwa, ya ƙara hawa sama. Na sake ja, ya sake hawa. Na bar shi kafin a yi abin kunya.

Na durƙusa. Gwiwar dama ta yi ƙara kamar taya ta fashe, ta hagu ta bi ta da tsiyayar iska. Aikina ne, na san sautin. Na sauka ƙasa na san ba tashi.

Na buɗe baki, gaisuwar ta fito da kanta. "Baba, ina wuni. An wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Ta faɗo kan buzu, 'yar ƙarama, a yamutse kamar goron da ya kwana a aljihu.

Baba ya ɗauka ya shinshina. "Wannan ta ɗazu ce."

"Ta ɗazu ce, Baba. A yi haƙuri. Na ga in na tsaya ba zan..."

"Kai kuma wa ya ce ka dawo da ita?"

"Awakin ofis. Sun ce sai da amsa."

"Amsa? Ai na amsa tun lokacin."

"Baba, ban gaishe ka ba fa."

"Ka sunkuyar da kai. Na ga ƙeyarka tana ba da haƙuri. Me ya rage?" Ya nuna bayana da carbi. "Waiwaya."

Na waiwaya. Wata zabuwa ce a tsaye, da lamba a ƙirjinta irin tamu, harshe a waje, tana haki.

Ta ce, "Lafiya lau."

Ta numfasa, ta ƙara, "Lafiya lau, kar ka tsaya." Sannan ta harare ni. "Malam, kai wane irin mutum ne? Tun daga nan nake bin ka. Bakwai zuwa, bakwai dawowa. Ko sau ɗaya ba ka waiwaya ba."

Na ce, "Kunya ce ta hana ni."

"Kunya a wuya take?"

Wani abu da ya tokare mini ƙirji tun hantsi ya sauka, na ji shi ya bi ta tafin ƙafa ya shige ƙasa. Na zauna a wurin ina jin daɗi kamar wanda aka sauke wa buhu. Sai na tuna da bunsuru.

Na yunƙura, gwiwa ta ƙi. Na dafa ƙasa, ta ƙi. Na ce, "Baba, ga shi abin da na gudar ya faru. Suna can suna cin sunan Ɗan'azumi, ni kuma babu iska a ƙafata."

Baba ya yi tsaki. "Ku yaran yanzu komai sai kun tafi wurinsa."

Ya tattare hannun riga, ya kama bakin titin, ya fara janyowa kamar mai jan guga. Titin ya taho. Wurin shan ruwa ya wuce ta gabanmu, masu tebur suka rusuna suka gaishe shi. Matan nan suka wuce da tsintsiyoyinsu. Motar Ɗan'azumi ta wuce da baya yana ta zagin birki. Tsoho mai shekara tamanin, ko haki bai yi ba. Da ya yi ja na ƙarshe, sai ga tebur da awaki uku a gaban buzu.

Na dubi takardar. Harafi ɗaya ya rage, ɗan siririn nan mai ɗigo a ka, kuma bunsuru ya riga ya lashe ɗigon.

Baba ya ce, "Tofar."

Bunsuru ya tofar. Ya gyara tabarau ya ce, "Ina amsar?"

Zabuwa ta hau tebur ta ce, "Lafiya lau," ta faɗi ta yi barci.

Akuya ta sake haska bakina. "Wayam, ranka ya daɗe."

"To ya iso," in ji bunsuru.

Ƙafar roba ba ta jira an sallame ta ba. Ta diro daga tebur ta bi bayan motar Ɗan'azumi da tsalle, takalman dama suna ta guɗa. Bunsuru ya ɗauko hatimi mai girman turmi ya fara buga wa ɗan harafin nan. Fau. Fau. Fau. Na ce ya isa haka. Bai daina ba. Fau. Fau.

Na buɗe ido. Rana ta haska ɗaki. Ƙarar tana nan, daga tsakar gida. Lantana ce ke buga takalman gudun nan a jikin bango tana kakkaɓe su.

Na yunƙura zan tashi, cinyoyina suka ce ba su san zancen ba. Ciwo tun daga ƙugu har ɗan yatsa. Ban taɓa murna da ciwo ba sai yau. Wanda bai yi gudu ba ba ya jin wannan. Takardar tana rataye a ƙusa, sunan cikakke, ba wanda ya gatsa.

Lantana ta leƙo. "Ka tashi, Baban Ladidi? Ɗan'azumi ya bugo sau biyu. Wai ranar Laraba za su auna shi, ka zo ka raka shi in kana iya tafiya, in ba ka iya ya ara maka sanda."

Na ce, "Jiya na wuce Baba ban gaishe shi ba."

"Na sani. Unguwa duk ta sani." Ta ajiye wata 'yar kwalba a bakin gado. "Ga man zafi ya aiko maka. Muryarsa ta dishe. Inna ta ce bin ka ya yi har bakin kwalbati yana ihu kar ka tsaya, kai ko waiwaye. Har magariba yana tare mutane yana cewa surukinsa ne."

Na ɗauki kwalbar ina juya ta. "Bai ce komai ba kuma?"

"Ya ce wandon dai, in za a sake, a ƙara masa ƙyalle."

Ta koma tsakar gida. Na ji ta ɗauki ɗaya takalmin. Fau. Fau.