Sarƙa a Bakin Mama Wa'azi

Mama Wa'azi tana tsaye a tsakiyar bas, hannu ɗaya a ƙarfen sama, tana gaya wa fasinjoji su nemi Mulkin Allah tukuna su bar kayan duniya su bi bayansu, sai direba ya taka birki. Ta tafi da gaba, ta kifa kan wata mai albasa.

Tun daga tasha direban nan yake tsokanarta. "Mama, in Mulkin ya iso ki ce ya jira ni, ina da lodi." Yanzu kam wasa ya ƙare. An gicciye gungume a hanya, mutane suna fitowa daga cikin ciyawa da bindigogi da adduna, rana tsaka, ko fuska ba su rufe ba.

Sana'ar Mama ke nan, wa'azi a mota. Kuma a faɗi gaskiya, ta rabu da abubuwa. Zannuwanta na fita ta raba wa gwauraye, keken ɗinkinta ta kai coci. Abu guda ne ya rage, sarƙar zinariya ta uwarta, tana kwance a ƙarƙashin rigarta mai wuya har haɓa. Ta shirya da zuciyarta tuntuni cewa wannan ba ado ba ne, tunawa ce. Kafin a ɓalle ƙofa ta cire ta, ta dunƙule, ta cusa a baki.

Aka fito da su kamar awaki, aka kwantar da kowa rub da ciki a gefen kwalta. Wani ɗan kasuwa ya ɓoye wayarsa a safa. Da suka gano, suka shimfiɗa hannunsa a kan dutse, suka daka da gindin bindiga har yatsun suka daina kama da yatsu.

"Wanda ya ɓoye ko allura, haka za mu yi masa," in ji babbansu, wani dogo mai jan ido.

Mama ta ƙara matse leɓe. Sarƙar ta cika mata baki, miyau yana taruwa, ba halin haɗiyewa.

Direba ne ya yi wauta. Ɗaya daga cikin 'yan fashin ya finciki wata mai ciki da gashi, shi kuwa ya ɗaga kai ya ce, "Haba ɗan'uwa, ba ka ganin halin da take ciki?" Adda ta sauka a kafaɗarsa, kusa da wuya. Ya faɗi dab da Mama, jini yana tsartuwa har kan zanenta. Ba ta san lokacin da ta danne wurin da tafin hannu biyu ba.

Dogon yana tsaye a kansu, yana zazzage jakunkuna.

"Mama," in ji direban, murya ƙasa-ƙasa. "Addu'ar nan da Yesu ya koyar. Uwata ta koya mini, na manta. Faɗa in bi ki."

Ta gyaɗa kai, ta rufe ido, ta shiga yi a zuci. Ai Allah yana jin na zuci, haka ta gaya wa kanta.

"Ba na ji, Mama. Ɗaga murya."

Ta yi gurnani ta hanci.

"Ko fushi kike don na tsokane ki? Wasa nake." Leɓensa sun soma fari. "Tun safe kin hana mu sakat, yanzu da nake so kin yi gum."

Mai albasa ta zungure ta da ƙafa. "Baiwar Allah, ki yi masa mana. Mutumin nan tafiya zai yi."

Mama ta dubi ɗan kasuwa yana birgima da hannunsa. Ta dubi takalmin dogon, ga shi nan kusa da gwiwarta. Hannayenta duka suna kan rauni, in ta ɗaga ɗaya jinin zai ɓalle. Ta juya kai gefe ta tofar.

Sarƙar ta faɗi a ƙasa, jiƙe da miyau, tana walƙiya.

Dogon ya tsaya. Ya ɗauka da yatsu biyu, ya yi dariya. "Kai, ku zo ku ga mai wa'azi. Ashe a baki take ajiyarta." Ya juya bindiga ya sauke mata gindin a fuska. Ta ji haƙoranta na gaba sun karye, duniya ta yi ja. Ya ƙara mata a gadon baya. Ta kife kan direban, amma hannun bai gusa ba.

Ta tofar da jini da guntun haƙori, ta fara. Kalmomin suna fita a gurguje, rabinsu iska. Direban yana bi, tana faɗa yana maimaitawa, inda ya kakare ta koma baya.

Suna cikin haka aka ji ƙugin babbar mota daga nesa. 'Yan fashin suka kwashi abin da suka tara suka faɗa ciyawa. Motar yashi ce. Maza suka ciccibi direban zuwa bayanta, Mama tana biye a sunkuye, hannu a raunin, har aka tura ta sama tare da shi.

Mai albasa ta sheƙo da gudu. "Mama, tsaya. Dogon nan ya yar da sarƙarki a wajen gudu, ga ta." Ta miƙo sarƙar, duk ƙasa. "Ina zan sa miki?"

Mama ta dubi sarƙar. Kallo kam ta kalla, har da haɗiyar miyau. Ta buɗe baki za ta ce a ƙulle mata a bakin zane.

"Daga nan fa, Mama?" in ji direban. "Bayan gafarar, me ke biye?"

Ta sunkuya kusa da kunnensa ta ba shi abin da ke biye. Motar ta tashi, ta bar mai albasa tsaye a kan kwalta da hannu a miƙe.