Rowar Ruwa

Baffa ya fizge kofin daga hannun Mama ya karkata shi. Ruwan ya yi nawa kamar zuma kafin ya ɗiga.

"Mene ne wannan? Ruwan ma sai kin dagula masa?"

"Yaya, likita ce ta ce a riƙa sa hoda ya yi kauri. Tsinkakken ruwa ƙware shi yake yi."

Baba na zaune an tokare shi da filo. Cutar da ke kashe jijiyoyin motsi ta cinye hannuwan da ya ciyar da mu da ɗinkinsu, ta kama harshe, yanzu ta sauka maƙogwaro. Hankalinsa kuwa garau, bakin magana ne babu.

Mama ce ke niƙa abinci, ta tace, ta ba shi rabin cokali, ta jira ya haɗiye. Baffa sai ya bushi iska yake leƙowa, amma shi ya hana a sa wa Baba robar ciyarwa ta ciki. Wai ba za a huda ƙaninsa yana raye ba, me mutane za su ce?

"Ko maƙiyinka ba ka yi masa rowar ruwa," ya ce, yana buɗe gorarsa.

Na tare shi. "Baffa, don Allah, cikin huhunsa ruwan zai tafi!"

"Ke, yaushe aka haife ki?"

Abin da ya fi ƙona mini rai, idon Baba na kan gorar. Ya daɗe yana kewar ruwa mai sanyi, wa zai ga laifinsa? Baffa ya ɗaga masa haɓa ya ɗura. Baba ya nemi tari, tarin ba ƙarfi. Sai wani gurguri a ƙirji, da hawaye.

"Kun gani? Ƙishi ne kawai."

* * *

Zazzaɓi ya biyo baya. A asibiti likita ta ce ruwa ya shiga huhu, kuma numfashinsa ya yi raunin da ba za a iya sa robar ba yanzu. Mama ta zauna tana shafa masa jiƙaƙƙiyar auduga a leɓe. Ni kuwa ji nake kamar in fasa ihu.

Na fita baranda, na tarar da Baffa yana waya da Gwaggo.

"Sai addu'a. Matar nan ta gama busar da shi. Ni dai alhamdu lillahi, ko yau ta Allah ta kasance, na ba shi ruwa da hannuna."