Makon da Agwagin Teku ke Zaɓen Ɗaki

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina zuwa wannan tsibiri duk watan Afrilu in yi wa agwagin teku hidima. In gyara 'yan ɗakunansu na katako da dutse, in shanya ciyawar teku ta bushe, in shimfiɗa musu. Su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe, su tafi su bar min lallausan gashin ƙirjinsu da muke cika bargo da shi. A zamanin mahaifiyata agwagi ɗari huɗu ke sauka a nan, gida bakwai ke kula da su. Bara sha tara suka zo. Yanzu daga ni sai ciwon gwiwa.

Makon da ya fi wuya shi ne wanda suke zaɓen ɗaki. Macen za ta fito daga ruwa tana rangaji, namijin na biye kamar ɗan aike, ta leƙa wannan, ta leƙa wancan, ta yi gaba abinta. A makon nan ba a hura wuta da safe, ba a buga ƙofa, ba a ɗaga murya. Kofi mai sanyi nake sha. Idan ta firgita kafin ta zauna, can kan duwatsu za ta je ta yi ƙwai a fili hankaki su shanye, kuma ba za ta ƙara waiwayar ɗakunana ba.

Mako biyar ban ga ɗan Adam ba. Ba zan ɓoye ba, bana kaɗaici ya ci ni.

Ran Laraba da hantsi na hango 'yan kwalekwale shida, ja da rawaya, sun nufo ni. Masu yawon kallon tsuntsaye ne. Na ja tsaki, na lallaɓa bakin ruwa in kore su. Sai na gane na gaban daga tuƙinsa, kafaɗar hagu a karkace irin ta ubansa. Ɗana ne, Torstein. Aikinsa ke nan, kai baƙi bakin teku kallon gaggafa. Rabona da shi shekara biyu, tun ranar da muka binne uban.

"Mama!"

"Rufe min baki," na ce ƙasa-ƙasa. "Yau ka fara zuwa nan?"

Ya matso jikin dutsen da nake tsugune, ya rage murya. "Haba Mama, ko sannu da zuwa babu?"

"Sannu da zuwa. Kwashe su ku tafi."

"Jamusawa ne fa, ba su da hayaniya. Tun daga garin Brønnøysund nake ba su labarinki. Minti ashirin kawai, su ɗauki hoto, mu sha kofi."

"Wane kofi? Ka ga hayaƙi a gidan nan? Agwagi sha huɗu ne a bakin ruwa suna shawara, kai ka zo min da kwalekwale kala-kala kamar 'yan biki."

"To ni kaɗai in sauka. Su jira a ruwa."

Na waiwaya. Wata agwagwa ta riga ta zura kai a ɗaki na uku, wutsiyarta kaɗai ke waje.

"A'a. Ka dawo bayan mako uku."

"Bayan mako uku ina can arewa da wasu baƙin. Sai dai Satumba."

"To sai Satumban."

Ya dube ni. "Kin rame, tsohuwa."

"Kai kuma ka yi tumbi. Kwalekwalen nake tausayi."

Ya danne dariya. Ya ciro ƙunshin lemo da garin kofi, ya ɗora a bakin itacen tuƙinsa ya miƙo min, na ɗauka. Ko hannunsa ban taɓa ba.

Ya yi wa baƙinsa alama, suka juya ba ƙara. Na tsaya ina kallonsu suna ƙanƙancewa, ina gaya wa kaina daidai na yi. Mahaifiyata ma haka za ta yi. Da suka kai inda za su karya kwana su ɓace bayan dutse, ya ɗaga itacen tuƙin sama, bai waiwayo ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Torstein!"

Iya ƙarfina na kira shi, ni da na yi mako guda ko cokali ba na barin ya buga kofi. Iska daga wajensa take kaɗowa, bai ji ba. A bayana kuwa sai ƙarar fukafukai. Duk suka tashi, har da ta ɗaki na uku, suka bi saman ruwa suka nufi duwatsun waje.

Agwagi uku ne kawai suka dawo. Sauran ɗakunan, ciyawar na nan a shimfiɗe yadda na bar ta.

Ran Lahadi ya bugo waya.

"Mama, sun zauna?"

"Sun zauna," na ce.

"Madalla. Ashe gara da kika kore mu."